Fim Ɗin Wani, Sirrin Wata

Bayan la'asar a Turawa, lokacin da masunta ke dawowa daga bakin dam ɗin Challawa, manoman rani kuma sun wanke ƙafa sun shigo gari, da wuya ka sami inda ya kai shagon mai caji cika. Wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. Can a kusurwa ga wani saurayi da kwamfutar cinya, ya jona mata faifan ajiya da bai wuce tafin hannu ba, ana ta miƙo masa memori. Wani waƙa yake so, wani wa'azi, wani fassarar Indiya, wani kuma ci gaban Labarina.

Sai ga wani yaro riƙe da waya a cikin leda.

"Yaya, Anti ce ta aiko ni. Ta ce a sa mata sababbin fitowa."

Saurayin ya jona ya duba. "Ai wayar ta cika, ƙanena. Babu wuri."

"To yaya za a yi?"

"Bari in kwashe hotunan in ajiye mata a nan. In ta sayi sabon memori sai ka zo in mayar mata."

Yaron ya yi godiya. A ganinsa an taimake shi, kuma shi ma saurayin taimakon ya nufa, babu mugunta a ransa. Amma kafin a ce kwabo, hotunan matar aure da ke cikin gidanta, wadda wataƙila ko muryarta bai taɓa ji ba, sun bar hannunta sun koma cikin faifan da duk garin ke zuwa ɗiba daga cikinsa. Ita ba ta sani ba, mijinta bai sani ba, shi kansa mai faifan nan da sati ya manta. Hotunan kuwa suna nan.

Duk lokacin da aka ta da maganar masu turi, wato masu tura wa mutane fim a waya irin wannan saurayi, kan satar fasaha ake tsayawa: 'yan fim su yi kuka, hukuma ta yi barazana, a watse. Kukan nasu gaskiya ne, zan kuma zo kansa. Abin da ke damuna shi ne, duk wanda ya tara fina-finai a faifai, a shago ne ko a ɗakinsa, amana biyu ya ɗauka: gumin wanda ya yi fim, da sirrin wanda ya miƙa masa waya. Ta farko tana da ƙungiyoyi da lauyoyi da masu kare ta a gidajen rediyo. Ta biyu kuwa marainiya ce, alhali ita ce ke raba aure.

1. Yadda rumbun fim ya shigo gida

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa ba ta taɓa rabuwa da kwafi ba. A zamanin kaset, kasuwar Ƙofar Wambai ce uwa ma ba da mama; daga nan dillalai ke lodi zuwa Katsina da Zariya da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram. Mai satar kwafi a lokacin sai yana da injina da shago da jari, ke nan yana da adireshin da za a same shi. Faifan CD ya zo ya kori kaset, sannan waya mai memori ta zo ta kori CD. Bluetooth ya fara, Xender ya ƙarasa. Da kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka koma dogon zango, wasu a tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, wasu a YouTube. Abin da a da sai an kama shago guda kafin a ajiye shi, yau yana cikin aljihun gaban riga.

Yanzu kuma rumbun ya tsallaka daga shago ya shigo gida. Malamin makaranta a Karaye, ma'aikacin asibiti a Rogo, ɗalibin da ya dawo hutu da tsohuwar kwamfuta: a sami sola, a sami 'yar na'urar waifai, a jona faifai, shi ke nan kowa a gidan ya riƙa janyo fim a wayarsa ba tare da data ba. Waɗanda suka ƙara wayewa a harkar sukan saka manhaja irin su Plex ko Jellyfin, ta jera musu fina-finai da hotunan bangonsu, ta kuma ba su damar kallo ko da suna Legas rumbun yana Kano.

Ni dai ina goyon bayan wannan dabara. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin 100. A ƙauyukanmu ko kana da datar, sai ka fita bayan gari kana ɗaga waya sama. Fim ɗaya a sauke shi sau ɗaya, mutum goma su kalla, wannan tattali ne. Ga shi kuma uba yana iya zaɓar abin da 'ya'yansa za su gani, abin da intanet ba ta ba shi. Sai dai rumbu duk kyan gininsa, amfaninsa na ga abin da aka zuba a ciki da wanda ke riƙe da tsani.

2. Gumin mai fim

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun dokar soja ta 1988. Dokar ta ce mai fim ne kaɗai ke da ikon kwafar aikinsa, da rarraba shi, da nuna shi ga jama'a, da ajiye shi inda mutane za su iya janyowa ta waya ko ta iska a lokacin da suka ga dama. Wannan kariya tana bin fim har shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi. Ke nan ko Turmin Danya bai kai ga zama na kowa ba tukuna, balle fim ɗin bara. Wanda ya keta, akwai tara a kan kowane kwafi, akwai ɗauri, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara.

Dokar ta bar ƙofa ga amfanin kai. Ka sayi fim ta halastacciyar hanya, ka ajiye shi don ka kalla da iyalinka, wannan yana cikin abin da ta sassauta a kai. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san inda amfanin kai ya ƙare ba. Gidan Bahaushe ba mutum huɗu ba ne. Akwai sashen baba, sashen kawu, samarin soro, almajiran zaure, maƙwabcin da katanga kaɗai ta raba ku. Yau ka ba ƙaninka kalmar sirri, gobe ya ba abokinsa, jibi duk unguwa na zaune a dakalin ƙofar gidanka suna janye-janye. Daga nan sai wani ya ce, "Ai ya kamata mu riƙa kawo ɗan na sola." Ranar da ka karɓi wannan kuɗin, ka tashi daga magidanci ka koma ɗan kasuwa a idon doka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Akwai masu cewa wannan dokar Bature ce, ba ta hau kanmu ba, tunda wanda ya kwafi fim bai ɗauke komai daga hannun mai shi ba. Malamai sun riga sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a Shari'a, bai halatta a keta shi ba. Ko ba fatawa ma, a tambayi mai ɗaukar fitila da mai dafa wa 'yan wasa abinci da yaron da ke riƙe sandar sauti a rana tun safe. Idan fim bai mayar da kuɗinsa ba, babban jarumi yana da talla yana da siyasa, su kuwa waɗannan gida za su koma.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin Turawa da ke son ya biya, ina zai biya? Babu silima sai cikin birnin Kano. YouTube na cin data. Manhajojin biyan kuɗi suna son asusun banki da intanet mai ƙarfi. Mai turi ne kaɗai ya kawo fim har ƙofar gida, a farashin da talaka zai iya. Masu shirya fim sun daɗe suna yaƙar hanyar rarrabawa mafi faɗi da Arewa ta taɓa samu, maimakon su zauna da ita. Masu turi suna da ƙungiyoyi da shugabanni. Me zai hana furodusa ya sayar musu da izini a dunƙule, kowane shago ya sami takardar shaida, a raba ribar? Haka kuma ita masana'antar da ta girma tana aron labari da kiɗa daga Indiya, ta kuma zura ido ana fassara fina-finan wasu ana sayarwa, ya kamata ta tuna laifi tudu ne. Wannan bai halatta wa kowa cin guminta ba, amma ya isa ya sa ta sassauta murya ta nemi sulhu.

3. Amanar da ba ta da mai kare ta

Mutanen Kano ba su buƙatar a ba su labarin abin da ɗan guntun bidiyo ke iya yi. A 2007 hoton sirri na wata 'yar fim, na 'yan mintuna, da aka ɗauka da waya, ya fita daga hannun masu shi ya bi gari ta Bluetooth. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kama mutane, dubban masu cin abinci a harkar suka zauna. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok, masu waya mai kyamara ma ƙalilan ne. Mun yi ta wa'azi a kan wadda ke cikin hoton. Ban ji an yi rabin wannan wa'azin a kan dubban hannayen da suka tura shi ba, ko a kan yadda abin da ke cikin wayar mutum ke kuɓucewa tun farko. Darasin da ya fi amfani shi muka bari a ƙasa.

Kuma ba sai abin kunya ba. Hoton amarya ba lulluɓi ranar lalle, wanda ƙawarta ta ɗauka a ɗakin mata. Bidiyon kamu, inda mata suka saki jiki suka yi rawa don sun san babu namiji a wurin. Hoton jego. Saƙon murya tsakanin miji da ya tafi ci-rani Fatakwal da matarsa. Takardar gwajin asibiti. Katin ɗan ƙasa da lambar banki da mutum ya ɗauka a hoto don kada ya manta. Babu laifi ko ɗaya a cikin waɗannan muddin suna inda aka nufa da su. Da zarar sun canza hannu, kowanne na iya zama sanadin saki, ko fasa aure, ko damfara, ko a riƙa yi wa yarinya barazana a ɓoye tana biya da abin da ba ta isa ta gaya wa uwarta ba. Kuma a garin da kowa ya san kowa, babu inda za ta gudu.

Hanyoyin fitar tasu ba sa buƙatar mugun mutum, sakaci kaɗai ya isa. Abokin sana'a ya zo daga wani gari ya ce a kwafa masa sababbi, don sauri sai a zuba masa faifan gaba ɗaya, da fina-finan da abin da aka ajiye wa mutane. Kwamfuta ta lalace, a kai ta gyara birni, ta kwana uku a hannun wanda ba a sani ba da yaran shagonsa. Mai shago ya shiga matsi ya sayar da ita. Ya fita salla ya bar ƙaninsa a kan kujera. Ko ya ce ya goge, bai san cewa gogewar yau da kullum suna kawai take cirewa daga jeri ba. Abin yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, kuma akwai manhajojin kyauta da ke dawo da shi cikin mintuna. Haka masu ɗaukar bidiyon biki: an biya su, an karɓi kwafi, amma uwar aikin tana faifansu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambaya.

A gida ma haka. Magidancin da ya haɗa rumbu yakan ce bari ya ajiye hotunan iyali a ciki don kada su ɓace, sai ya zuba su a faifai ɗaya da fina-finai, ƙarƙashin kalmar sirri ɗaya, wadda samarin dakali suka riga suka haddace. Da hannunsa ya fito da cikin gidansa waje, shi da ko baƙo bai yarda ya wuce zaure ba.

Doka ba ta yi shiru a nan ba, mu ne ba mu ji ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariya ga sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Dokar ta ɗauke wa mai ajiyar bayanai don amfanin kansa ko na gidansa nauyi, amma da sharaɗin kada ajiyar ta keta sirrin wani. Mai shago kuwa ba ya cikin wannan rangwame, tunda sana'a yake yi. Ƙaramin mai riƙe bayanai ma tararsa na iya kaiwa naira miliyan 2, kuma wanda aka cuta yana da damar zuwa kotu neman diyya. Sannan Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta sa mallakar hoton batsa na ƙananan yara a kwamfuta ko a faifai ya zama babban laifi. Wanda ya saba kwashe faifan wani ba tare da ya duba ba, yana iya ɗauke da abin da zai kai shi gidan yari bai ma san yana ciki ba.

Tun kafin waɗannan dokoki, addininmu ya gama magana. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. Kakanninmu kuma suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ungozoma da wanzami da dillaliya duk suna ganin cikin gidajen mutane, kowannensu kuma ya gaji ladabin kame baki tare da sana'arsa. Mai turi da mai gyaran waya sun fi su ganin sirri nesa ba kusa ba, amma sana'ar tasu sabuwa ce, ba wanda ya gadar musu da ladabinta. Yaro ne ya koyi jona waya a wata biyu ya buɗe teburi.

4. Ƙofar da ba a gani

Wanda ya jona rumbunsa da intanet don ya riƙa kallo daga nesa, ya buɗe wata ƙofa da ba ya ganin masu ƙwanƙwasa ta. A 2022 ɓarayin intanet suka shiga kamfanin LastPass na Amurka, wanda sana'arsa ita ce adana wa mutane kalmomin sirri. Ta ina suka bi? Ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyan kamfanin, wanda ke da rumbun fina-finai na Plex da bai sabunta ba, alhali an fitar da gyaran wannan ramin tun 2020. Suka dasa masa abin da ke naɗar duk abin da ya buga, suka sami makullinsa, suka kwashe ajiyar abokan cinikin kamfanin. A watan Yunin 2021 kuma masu amfani da na'urar ajiya ta My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Na'urar ta daina samun gyara tun 2015. Idan gemun ƙwararre ya kama da wuta haka, ɗalibin da ya koyi haɗawa ta kallon bidiyo sai ya shafa wa nasa ruwa.

Akwai kuma abin da manhajar kanta ke sani. A ƙarshen 2023 masu amfani da Plex suka yi ta ƙorafi da suka ga kamfanin na aika wa abokansu saƙon abin da suka kalla a mako. Faifan yana ɗakinka, amma labarin abin da ka kalla ya tsallaka teku. Shi ma mai rumbun yana ganin wa ya kalli me, da ƙarfe nawa. Ya kamata matarsa da ƙannensa su san da haka kafin su fara janyowa.

5. Inda hukuma ke kallo

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, tun kafa ta a 2001, idonta na kan abu biyu: tarbiyyar abin da ke cikin fim, da rajistar masu harkar. A watan Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, sai an kawo su an tace. Ke nan tana da haƙora, kuma tana da hanyar isa ga masu shaguna da Hukumar Kare Bayanai da ke Abuja ba za ta taɓa samu ba. Ina roƙon ta ƙara sharaɗi a kan duk wanda za ta ba lasisi: ba a kwasar komai daga wayar abokin ciniki, turi hanya ɗaya ce, daga faifai zuwa waya. Hukumar da ta damu da kallabin jaruma a cikin fim, ya fi cancanta ta damu da hoton matar aure da ke yawo ba da saninta ba. Shugabannin masu turi, da limaman Juma'a na Karaye da Rogo, da masu unguwanni, za su iya fara wannan tun kafin takarda ta iso daga Kano, don su ne ake jin maganarsu.

Sauran aikin namu ne, kuma ba shi da tsada. A ware memori ɗaya na fim da waƙa, shi kaɗai ke fita daga gida, waya ta zauna. Mai rumbu a gida ya sayi faifai na biyu don hotunan iyali, ya ajiye shi a akwati ba a jone ba. Ya canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, ya sake canzawa duk lokacin da ya ga baƙuwar fuska a dakali. In ba ya buƙatar kallo daga nesa, ya kashe wannan hanyar. In yana buƙata, ya riƙa sabunta manhajar. Iyayen amarya su yi sharaɗi da mai bidiyo tun wajen ciniki: sashen mata mace ce za ta ɗauka, kuma bayan an miƙa aiki a share uwar a gabansu. Kafin a kai kwamfuta gyara a cire faifanta in gyaran bai shafe shi ba. Faifan da ya mutu kuwa, kada a haɗa shi da ƙarafa a sayar wa 'yan gwangwan, don abin da ya ƙi tashi a hannunka yana iya tashi a teburin mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre. A kwance shi, a fasa farantin da ke ciki da guduma, sannan a sayar da ƙarfen.